Haƙorin da Ya Zaɓa wa Gari Iri

A garinmu, nan kusa da Geceme, in an dama hura a taron mata, ni ke fara kai ludayi baki. Ba wanda ya naɗa ni. Tsufa da ɗaure fuska ne suka ba ni wannan sarauta, ni kuma ban ƙi ba.

Wata shekara bayan girbi, ma'aikatan noma suka zo daga Dogon Dutsi da sabon irin hatsi mai saurin nuna. Ana so a san wanda za a zuba a rumbun iri na gari: nasu, ko namu na gado, wanda na ci tun a hannun uwata, wanda nake rantsuwa ko ido rufe zan gane shi. Shugabarsu yarinya ce mai tabarau, mai ladabi, ta yi lakkwal, wato boko, har ta gaji. Ta ce maza sun auna a gona, saura mata su auna a baki.

Aka dama hura ƙwarya biyu a ɓoye, ɗaya an rufe da jan faifai, ɗaya da fari. Ta ce, "Inna, wannan aikin bincike ne, bai san babba ba, bai san yaro ba. Kowace ta shiga ɗaki ita kaɗai, ta ɗanɗana, ta faɗa mini a kunne."

Na ce, "Ɗiyata, nan ba mu shan hura a ɗaki kamar ɓarayi. Fito da su tsakar gida."

Ta dubi rana, ta dubi direbansu da ke hamma, akwai wani gari a gabansu. Ta fito da su.

Na fara da mai jan faifai. To, lokacin ina da wani mugun haƙori can ƙurya, hurar kuma an dama ta da ruwan randa mai sanyi. Tana taɓa shi na yamutsa fuska, na dafe kunci. Da na zo kan ta biyu sai na yi dabara, na sha ta ɗaya gefen. Ta wuce lami lafiya. Na gyaɗa kai na ce, "Wannan ita ce hurar uwata."

Mata suka biyo layi. Kowace ta sha ja ta yamutsa fuska, ta sha fari ta gyaɗa kai. Matar ɗana har da dafe kunci, daidai gefen da na dafe, alhali haƙoranta ƙalau suke.

Da aka gama, yarinyar ta yi murmushi ta ce, "Inna, mai farin faifai ai sabon iri ne."

Na ce, "Sake dubawa."

Ta ce ita da kanta ta rufe.

Na ce, "To, mu koma ɗakin nan da kika ce, a yi yadda bincike ke so."

Ta ce rana ta yi, kuma waɗanda suka aiko ta za su ji daɗin wannan amsa. Na lura da ita sosai. Da ja ne ya ci, ina jin da ta tuna da ɗakin nan tun kafin in buɗe baki. Amma ina nake da bakin magana? Ni na hana ɗakin.

Sabon iri ya cika rumbu. Daga baya har aka riƙa faɗi a kasuwa wai bincike ya nuna matan yankinmu sun fi son shi. Ni dai na san bincike ya nuna ina da ciwon haƙori.

Wata rana muna surfe, matar ɗana ta ce, "Inna, ni fa ranar nan jan ya fi mini daɗi."

Na ce, "Mi ya hana ki faɗi?"

Ta ce, "Fuskarki nake kallo."

Na ɗaure mata fuskar, ta ci gaba da surfenta.

Irin uwata yanzu ɗan fili ya rage masa a bayan gida, ni kaɗai ke shuka shi. Haƙorin ya faɗi da damina ta zagayo. Tun daga nan, in an kawo hura a taro, sai in juya wa mata baya kafin in sha. Su kuma sun koma kallon ƙeyata.