Tsakuwar Randar Inna

Mace ta shigo gidana, ta zauna a tabarmata, ta ci dambun da na turara da hannuna, sannan ta zura hannu cikin randar uwata ta ciro abin da ba nata ba, ta wurga shi bayan katanga. Har yau ba ta ba ni haƙuri ba, ni kuma ban daina jin haushinta ba. Abin da ya fi ci mini rai, ina tsaye aka yi, ni da duk layinmu a Damba an san kaifin bakina, amma ko uffan ban ce ba.

Mu mutanen gindin dutse ne, can ƙasar Bungudu. Ba babban na Kwatarkwashi ba, wanda ake hange daga mota in za a Tsafe. Namu ƙarami ne, tsofaffi na cewa ƙanensa ne da ya yi fushi ya koma gefe. A samansa akwai wani kwarmi da ruwa ke kwance, baƙi wuluk, mai sanyin da ke kashe haƙori. Ko shekarar da rijiyoyi suka ƙafe bai ragu ba. Ana cewa yana da masu shi. Ba a nuna shi da yatsa, ba a wanke baƙar tukunya a ciki. Wai wata ta taɓa yi, ruwan ya ɓuya, aka hau aka tarar da dutse shafe kamar ba a taɓa yin rami ba, sai da ta bar garin ya dawo.

Kuma duk macen da aka kawo garin aure, uwar mijinta za ta hau da ita, ta laluba bakin ruwan ta ɗauko tsakuwa guda, a jefa cikin sabuwar randarta. Aro ce. Ranar da za ta bar garin, ko ta bar duniya, sai a mayar.

Ni aure ya kawo ni Gusau, na baro duk wannan. Sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga makarantar manya, ina riƙe fensir kamar muciya, yara na leƙen taga suna dariya. Na jure. Na iya haɗa baƙi, na iya karanta sunan magani, har malama kan ce in tashi in biya wa sauran. Ba ƙaramin daɗi nake ji ba. In an tambaye ni gari, Bungudu nake cewa in tsuke bakina.

Da zama ya gagara a ƙauyuka, ƙannena suka kwaso Inna cikin gaggawa suka kawo mini. Ba ta samu hawa dutsen ba, dama ƙafafun sun daina. Ƙullin kaya ɗaya ta zo da shi, sai tsakuwar a haɓar zani. Na saya mata randa, ta jefa ta ciki. Na gani, na kau da kai.

Ranan nan matan ajinmu suka zo yi mata sannu da zuwa, har da malama. Cikinsu akwai wata Hajiya da muke zama benci ɗaya, wadda na riga iya karatu, abin kuma bai taɓa yi mata daɗi ba. Bayan an ci, ta je ɗibar ruwa. Ruwan ya yi ƙasa, moɗa ta daki abu, ƙwal.

"Inna, mene ne a randar nan?"

Da Inna ta yi shiru, da shi ke nan. Amma tun zuwanta ba wanda ya tambaye ta komai game da gida. Sai ta gyara zama, fuskarta ta washe.

"Ɗiyata, ta dutcenmu ta. Uwar mijina ta ɗauko min ita da hannunta, Allah shi jiƙanta."

Ta kwashe labarin duka ta faɗa, har da masu ruwan, har da baƙar tukunya. Matan na kallon juna ta ƙarƙashin hijabi.

Hajiya ta tofar da abin da ke bakinta. "Innalillahi! Ashe ruwan tsafi muka sha!" Ta juyo gare ni. "Ke da ake ta da ke ki biya mana karatu, wannan kike ajiye a ɗaka?"

Malama ta ce, "Hajiya, a yi a hankali, tsohuwa ce." Kafin ta rufe baki Hajiya ta naɗe hannun riga, ta tsoma har kafaɗa, ta ciro tsakuwar, ta fita tsakar gida ta wurga. Na ji faɗuwarta can baya. Ni kuwa ƙasa nake kallo, kunya ta ɗaure ni, ba kunyar abin da aka yi wa uwata ba, kunyar an gane ɗiyar wace ce ni. Har ƙofa na raka su.

Inna ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ruwa kawai ta daina sha. Ko fura na dama mata, sai ta taɓa da leɓe ta ture. Lokacin zafi ne. Leɓunanta suka tsage, muryarta ta koma kamar ana murza busasshen ganye. Na kira babban ƙanena, ya ce rigimar tsufa ce, in kai ta asibiti a ƙara mata ruwa.

Bayan katangarmu fili ne da ake gini, tifa ta juye musu tsakuwa tuli guda. Nan ta Inna ta faɗa. Na zaga a ɓoye na tsinto wata mai kama, na wanke na jefa a randa, na ce an samo. Inna ta karɓa ta murza tsakanin yatsu, ta miƙo mini.

"Wagga inji ya hwashe ta. Tawa ruwa ya lashe ta, santsi gare ta kamar ƙwan zabo."

Haushi ya kama ni, na ɗaga mata murya. "Inna, dutse ba ya ba da ruwa, ba ya hanawa! Allah ke yi!"

"Mi kika ɗauke ni? Tun ba a haihe ki ba nike salla." Ta numfasa. "Ban ce tana yin komi ba. Ba tawa ba ta. An ba ni in riƙe, na ce zan maida. In na tarar da uwar mijina can lahira ta tambaye ni, in ce mata mi? In ce baƙuwa ta yar, ɗiyata na tsaye?"

A aji na sha biya babin amana da ƙarfi, ina gyara wa wasu. Har yau ban yarda akwai masu wani ruwa a kan dutse ba, kuma ba zan yarda ba. Amma ba abin da ake tambayata ba ke nan.

Da yamma na ji motsin magina, na leƙa. Shugabansu na lissafin buhunan siminti. Na tambaye shi yaushe za su taɓa tulin nan.

"Gobe in Allah ya kai mu, Hajiya. Za mu zuba kankaren rufi, duk za ta shige."

Gobe kuma ranar makaranta ce, filin nan ko a bakin hanyar da matan ajinmu ke bi yake, ba katanga ba zana.

Ina idar da sallar asuba na ɗauki babban baho da bokitin ruwa, na fita. Na ce wa mai gadin wurin kada kowa ya sa shebur sai na tashi, in akwai mai magana ya zo ya same ni. Na tattare zanina na zauna a kan tulin, fuskata na kallon hanya, na cika bahon da tsakuwa, na zuba ruwa, na fara lalube da hannu biyu.