Yaya Habibu da Waƙar Sake Shuka

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar wana Habibu. 'Yarsa da ya bari tana koyon tafiya yanzu ta fi ni tsawo. Ni ce Rabi, ƙanwarsa mai bi masa, kuma muryar macen da ake ji tana amshi a waƙar Sake Shuka tawa ce. Masu karatu da yawa za su tuna waƙar. Ina so in faɗi yadda aka yi ta, don na ga abin da idona.

Yaya Habibu bai tashi da niyyar zama mawaƙi ba. Gyaran injin ban ruwa yake yi a wata rumfa kusa da tasha a Rano. Wata shekara, gab da faɗuwar damina, ya yi hatsari da babur a hanyar Kibiya, ya karye a cinya. Maɗori ya ɗaure shi, aka shimfiɗa masa katifa a zauren gidanmu, ya yi watanni ba ya taka ƙasa. Saurayi ne mai zafin nema, kwanciyar ta ci shi ƙwarai. Ya daina hira, abinci ma sai an yi da gaske.

A shekarar ne ruwa ya yaudari manoma. An yi ruwan shuka, kowa ya zuba irinsa, sai sama ta ɗauke. Gero ya tsiro ya ƙone tun daga Dawaki har Yalwa. Da ruwan ya dawo, mutane da yawa sun riga sun karaya. Mahaifinmu, Malam Isa, ya dawo daga sallar asuba ya tarar da ƙannensa zaune a zaure sun yi jugum. Ya buɗe rumbu ya ɗebo ɗan irin da ya rage, ya ce musu, "Irin ne ya ƙone, ƙasar tana nan. Ku tashi mu sake shuka." Yana faɗa ya saɓa sungumi ya fita.

Yaya Habibu yana kwance yana ji. Da na kawo masa kunu na same shi yana buga gefen kwano da yatsa, yana rera maganar Baba a hankali. Ya ce, "Rabi, zauna ki karɓa min." Na zauna na karɓa. Ranar ce na fara ganin haƙoransa tun da ya karye.

Kafin ya fara takawa da sanda ya gama baitocinsa. Akwai na manomi, akwai na ɗan kasuwar da gobara ta cinye wa rumfa, akwai na ɗalibin da ya faɗi jarrabawa, akwai na matar da ta binne ɗa. Kowane baiti yana ƙarewa da amshi ɗaya:

Iri ya ƙone, ƙasar tana nan,
Tashi, ɗan'uwa, mu sake shuka.

A lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, kuma maganar kiɗan fiyano tana bakin masu wa'azi. Ana cewa ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano matattara ce ta lalacewar yara. Baba yana cikin masu wannan ra'ayi, kuma ba na ganin laifinsa, tsoron Allah da tsoron bakin mutane ne suka haɗu masa. Da Yaya ya ce zai kai waƙar Kano, har da ni, Baba ya ce, "Ba daga gidana ba."

Yaya bai yi musu ba. Ya ce, "Baba, ka ji ta sau ɗaya, babu kiɗa. In ka ce a bari, an bari."

Muka rera masa a tsakar gida. Ya saurara kansa a sunkuye. Da muka gama ya ce, "Wannan ai maganata ce."

"Taka ce, Baba."

Baba ya amince, amma da sharaɗi: ba yabon kowa a ciki, kuma ƙafata ƙafar yayarsa, Gwaggo Asabe.

Yaya ya sayar da ragowar babur ɗin muka tafi. Ɗakin ɗaukar waƙar wani ɗan ƙuƙut ne a saman shaguna, an manne bangonsa da soso, ga zafi, ga ƙarar janareta. Gwaggo ta shimfiɗa dardumarta a bakin ƙofa tana jan carbi. Mai fiyano ya ɗora mana kiɗa mai sauri irin na fina-finan lokacin, ya ce shi ne ke tafiya a kasuwa. Yaya ya ce a'a. Ya miƙe da sandarsa ya nuna masa tafiyar mai shuka: a jefa iri, a rufe da dunduniya, a ɗaga ƙafa. Ya ce da wannan takun yake so kiɗan ya tafi. Mai fiyano ya yi dariya ya ce shi ma ɗan manomi ne, ya gane. Gwaggo kuwa sau biyu tana ɗago kai ta ce, "Yaro, rage gangar nan, ba a jin maganar." Duk wanda ya san waƙar ya san gangarta a ƙasa take. Aikin Gwaggo ne.

Masu sayar da kaset suka ƙi waƙar. Sun ce waƙa ɗaya tal, ba soyayya, ba fim, wa zai saya? Daga ƙarshe wani Alhaji Bala ya karɓa ya buga kaɗan, yana cewa don tausayin ƙafar ya yi. Muka dawo Rano, Yaya ya koma rumfarsa, muka zaci magana ta ƙare.

Sai wata rana da hantsi maƙwabciyarmu ta shigo da rediyonta a guje, ta ce in ji. Muryata ce. An sa ta a shirin gaishe-gaishe. Daga nan abin ya fi ƙarfinmu. Direbobin Rano zuwa Kano suka kama ta, 'yan acaɓa suka kama, masu shayi suka kama. Makarantu suna sa ta ranar ba da kyaututtuka. Alhaji Bala ya sake bugawa ta ƙare, ya sake ta ƙare, har ya tako da kansa zuwa gidanmu ya durƙusa ya gai da Baba. Masu kwafar kaset a ɓoye sun ci rabonsu, wataƙila fiye da namu. Duk da haka abin da ya zo hannun Yaya ya isa ya rufa wa gidanmu kwano, ya yi aure, ya biya wa Inna mahaifiyarmu kujerar Makka.

Da zaɓe ya matso, mutanen wani ɗan takara suka zo da mota sabuwa, suka ajiye makullin a kan bencinsa. Abin da suke so kaɗan ne, in ji su: ya cire kalmar "ɗan'uwa" a amshi ya sa sunan mai gidansu. Matarsa tana da ciki a lokacin, kuma ƙafar ba ta barinsa ya yi tafiya mai nisa. Na san ya so motar nan. Ya juya makullin a hannu, ya miƙa musu, ya ce, "Na yi wa mahaifina alkawari. Kuma matar da ta binne ɗanta ban san jam'iyyarta ba." Suka tafi suka sami wani ya ɗauki karin waƙar ya cusa sunan. Abin ya ƙona masa rai, har ya daina kunna rediyo sai da aka gama zaɓe.

Ba zan ɓoye ba, ya sake yin waƙoƙi biyu bayan ta, ba wadda ta karɓu. Ya ji ciwon haka. Yakan ce wataƙila Allah waƙa ɗaya ya ba shi, ita ma aro ce daga bakin Baba. Ya ci gaba da gyaran injina har ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Bai kai shekara arba'in ba.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Yaro zai haɗa waƙa a wayarsa da safe, kafin la'asar ta zaga duniya, kafin wata ya ƙare an manta da ita. Ina jin sauƙin zai burge shi, don ya san wahalar da muka sha. Abin da zai dame shi shi ne yadda kusan kowane mawaƙi ya zama na wani ubangida, da yadda waƙar zagi ta fi saurin tafiya. Amma shi ba mai raina na baya ba ne. Na tabbata da zai jawo su rumfarsa ya ce su rera masa ya ji.

Ranar sadakar uku wani dattijon Bafulatani ya zo daga wata ruga bayan Durba. Ba wanda ya san shi a cikinmu. Ya ce cuta ta taɓa shiga garkensa ta bar shi da igiyoyi kawai, har ya yi niyyar barin ƙasar. A motar kasuwa ya ji waƙar, ya sauka ya sayi karsana ɗaya da abin da ya rage masa. Ya yi addu'a, ya ajiye ƙwaryar nono, ya tafi.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Kibiya. Kwanan baya na fito lokacin tara na ji 'yan aji huɗu suna rera amshin suna tafi. Na tambaye su waƙar wa ce. Wata yarinya ta ce, "Malama, ai ta gargajiya ce, ba ta da mai ita." Na tsaya na rasa abin da zan ji, daɗi ko ciwo. Da aka koma aji na ɗauki alli na rubuta sunansa a allo, Habibu Isa Rano, na ce su karanta da ƙarfi. Suka karanta. Na ce musu wana ne, makaniki ne, kuma yana kwance a maƙabartar garinmu. Sannan na roƙe su abin da nake roƙon mai karanta wannan shafi: su ɗaga hannu su yi masa Fatiha. Allah ya jiƙan Yaya Habibu, ya haskaka kabarinsa.