Ɗigon da Ke Idon Malam Tsaf

Shekara ashirin da biyu Malam Tsaf ya yi yana yanka gilashin tabarau a wani ƙaramin asibitin ido, a ɗakin da ke bayan kantin da ake zaɓen firam. Likita zai auna idon mutum ya rubuta lamba, takardar ta zo teburinsa. Shi kuma ya ɗauko gilashin da ya dace, ya kafa idonsa na dama a na'urar awo, ya ɗiga tawada a tsakiyar gilashin, sannan ya ba inji ya ci gefensa har ya zauna daram cikin firam. Sunan Tsaf abokan aiki ne suka laƙaba masa. Idan ka ari ƙaramin sukundirebansa ka mayar da shi a karkace, sai ya bi ka har bakin ƙofa ya dawo da kai ka gyara.

Ga shi da wa'azi. Idan mai walda ya zo da jan ido, kafin ya ga likita ya riga ya sha faɗa wurin Malam Tsaf. "Biyu kacal aka ba ka," in ji shi, "kuma ba mu da na canji a sito."

Da 'yan biyunsa mata suka tafi jami'a, gidan ya yi masa faɗi. Matarsa, wadda kowa ke kira Maman Biyu, tana da keken ɗinkinta da masu kawo mata aiki. Shi kuwa Asabar ta zame masa kaya. Ya shiga ɗakin yaran ya mallake teburin karatunsu, ya fara da gyaran tsofaffin rediyo. Ana haka wata rana ya ga wani bidiyo a waya: mutum riƙe da abu kamar tocila, ya nuna kan ashana daga nesa, sai ashanar ta kama da wuta. Ya maimaita bidiyon ya fi sau goma. Leza ce, aka ce, kuma mutumin da hannunsa ya haɗa ta.

Abin ya shiga ransa. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana lanƙwasa haske da gilashi, a ce wani ya fi shi? Da asibiti suka yar da tsohon majiginsu, ya roƙa aka ba shi, ya kwance shi ya ciro abin da ke ba da shuɗin haske a ciki. Wata huɗu yana fama. Ya ƙona kaya, ya ƙona yatsa, ɗakin ya riƙa warin dalma har Maman Biyu ta ce ko dai ya buɗe taga ko ta kwashe masa tarkacen ta kai bola. Gangar jikin daga wata tsohuwar tocilar ƙarfe ya samo. Ɗan gilashin da ke tattara hasken kuwa shi ya goge shi da kansa, kuma da wannan ya fi alfahari.

Ranar da lezar ta tashi, wata Asabar ce bayan la'asar. Ya sa jan tabarau na kariya, ya danna. Takarda ta yi hayaƙi. Ya hura balan-balan ya nuna, ta fashe. Ya yi dariya shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir.

"Maman Biyu! Zo ki ga ikon Allah!"

"Ina zuwa, bari in kwashe shanya, hadari ya haɗo."

Yana jiranta ya kafa ashana a jikin wani katako. Sai dai jan tabaran yana shanye hasken, ba ya barinsa ya ga shuɗin zaren nan da ya gani a bidiyo. Ya ce a ransa kallo ɗaya ai ba wani abu ba ne. Ya tura tabaran goshi, ya danna. Bayan ashanar akwai ƙaramin cokalin shayinsa a kan faranti, hasken ya buge shi ya dawo.

Bai ji zafi ba. Walƙiya kawai ya gani, kamar an ɗauke shi hoto. Ya ƙifta, ya sake ƙiftawa. Ya rufe idon hagu ya dubi agogon bango: ga da'irar agogon, ga lambobin gefe, amma tsakiyar babu, sai wani ɗigo mai duhu. Ya kai idonsa kan ƙofa, ɗigon ya bi shi.

Sai ga Maman Biyu da kaya a kafaɗa. "To, ina ikon Allahn?"

"Batir ya mutu," ya ce, ya jefa abin cikin aljihun tebur.

"Wata huɗu, batir ya mutu," ta ce, ta fita tana dariya. Ya bi wurin da ta tsaya da kallo. Da ta shigo da wuri, daidai nan fuskarta za ta kasance.

Ran Litinin, tsakaninsa da likitan ido taku goma ne. Bai je ba. Ya za a yi ya buɗe baki? Shi, Malam Tsaf? Ya ce bari ya ga kwana biyu, wataƙila ya washe. Kwana biyu suka zama mako uku. Ya koma leƙa na'ura da idon hagu, wanda bai saba ba, kuma dama hagun ya fara rauni da shekaru. Lambobin kan haɗe masa. Yakan auna sau uku, ya ɗiga tawada da bismilla.

Teburi ɗaya suke da wata abokiyar aiki da shi ya koya mata sana'ar shekara shida da suka wuce. Yana ce mata Ƙanwa, tana ce masa Yaya. Idan aiki ya yi yawa shi yake awo da yanka, ita ta ɗaura a firam ta sa hannu a takarda.

A mako na huɗu wani mutum ya shigo kanti yana faɗa, da tabarau a hannu. Na mahaifiyarsa ne, tsohuwar malamar makaranta, gilashi mai hawa biyu, sama na nesa, ƙasa na karatu. Tun da ta karɓa take cewa ƙasa na yi mata tudu da kwari. Jiya ta zo saukowa daga matakala, ta taka inda babu, ta karya hannun dama.

Likita ya karɓi tabaran ya auna da kansa. Gilashi ɗaya ya juya daga inda ya kamata, nesa ba kusa ba. Ya jawo takardar aikin, ya ga sa hannu. Ya shigo ɗakin yanka, ƙofa a buɗe, duk kanti na ji.

"Ke, aikinki ne wannan? Shekara shida kina zaune kusa da mutumin da bai taɓa mayar mini da aiki ba, abin da kika koya ke nan?"

Ƙanwa ta dubi Malam Tsaf. Shi kuma ya sunkuya yana goge wani gilashi da ba ya buƙatar guga. Ya san abin da ya kamata ya ce, kalma uku ce kawai, ni na yanka, amma bakinsa ya yi nauyi. Likita ya ce za a rubuta mata takardar gargaɗi, ya fita.

Aka tashi cin abincin rana. Da ɗakin ya rage su biyu, ta tura ƙofa.

"Yaya, ka sani, na sani."

Ya kau da kai, ta matso kusa da shi.

"Ba gargaɗin ne ya dame ni ba. Kusan wata guda ke nan kana karkata kai kamar kaza na kallon shaho. Jiya ka miƙa hannu ɗaukar ƙusa ka kama tebur. Na yi shiru ne don ina jin nauyinka, ina cewa yau zai faɗa, gobe zai faɗa. Ga shi shirun da na yi ya karya wa tsohuwa hannu." Ta leƙa fuskarsa. "Me ya sami idonka?"

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya miƙe, ya cire farar rigar aiki ya rataye, ya yi taku goman nan.

Likita ya ɗiga masa magani, ya sa shi ya ɗora haɓa a na'ura, ya leƙa ya daɗe. Da ya ɗago, fuskarsa ta canja.

"Rana ka kalla?"

"A'a."

"Walda?"

"Leza ce. Ni na haɗa ta a gida."

"Kai ka haɗa? Ba ka da tabaran kariya?"

"Yana goshina."

Likita ya cire nasa tabaran ya murza ido. Ya ce ƙuna ce a can bayan ido, daidai inda mutum ke karatu da shi, kuma ta riga ta zama tabo. Da ya zo da wuri, da an gwada abin da za a iya, ko da yake ba alkawari.

"Akwai saura, Likita," in ji Malam Tsaf. "Gilashin Malama ni na auna, ni na yanka. Ƙanwa ɗaurawa kawai ta yi. Kuma ina zaune ka yi mata faɗa."

Likita ya dube shi ya daɗe. "To tashi. A gaban mutane na yi mata, a gaban mutane za ka faɗa."

Ya faɗa, a tsakiyar kanti, da ido ɗaya a buɗe wangam saboda magani, hawaye na zuba ba ya ma sanin na maganin ne ko nasa. Mai karɓar baƙi ta sunkuyar da kai. Ƙanwa ta ce, "Ya wuce, Yaya," amma ba ta dube shi ba, kuma sai da aka yi makonni kafin ta koma yi masa wasa. Aka jawo duk ayyukan da ya yi a watan, aka kira masu su. Huɗu aka sake.

A gida Maman Biyu ta saurare shi har ƙarshe, ƙafarta a kan keke ba ta taka ba.

"Wato batir bai mutu ba."

"Bai mutu ba."

"Wata guda ina zuba maka abinci, ina ganin kana laluben cokali, in tambaye ka ka ce gajiya ce." Ta nuna ɗakin yaran. "Kwance abin nan yanzu, ina kallo. Kuma kai za ka gaya wa 'yan biyu, ba ni ba." Ya kwance shi gunduwa-gunduwa a gabanta.

Sabon tabaran Malama, Ƙanwa ce ta yanka, shi ya kai. Ya tarar da tsohuwar a kujera, hannu a naɗe an rataye mata a wuya. Ya durƙusa ya faɗi komai, har da cokalin shayi.

Ta sa tabaran da hannun hagu, ta dube shi sama da ƙasa. "Furfura a kai kana wasa da tocila? Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa samun ɗalibi mai gemu irin naka ba." Ta nuna wasu takardu a kan tebur. "Na yafe, amma ba kyauta ba. Takardun fanshona ne, an ce a cike kafin ƙarshen wata, ga hannun rubutun ka karya. Ɗauko biro."

Ya rufe idon dama, ya kusantar da takardar. Tana faɗa yana rubutawa, tana gyara masa haruffa. Kowace Asabar yana zuwa har aka kwance mata hannu.

Yanka gilashi kam bai koma ba. Likita ya mayar da shi kanti, yana taya mutane zaɓen firam, yana lanƙwasa musu hannun tabarau ya zauna a bayan kunne. Ya iya aikin, tsofaffi ma shi suke nema. Ɗigon yana nan. Wani lokaci mai saye kan lura yana kallonsa ta gefe, ya tambaya ko lafiya. Farkon abin yakan ce tsufa ne. Daga baya ya daina, ya koma faɗin gaskiya a taƙaice, kansa a ƙasa, sannan ya miƙa wa mutum madubi.