Tarago na Huɗu

Yayana ya yi shekara ashirin da shida yana kallon ƙafafun jirgin ƙasa. Aikinsa ke nan, ba wasa nake yi ba. Tasharsa 'yar ƙarama ce a tsakiyar hanya, ɗaki biyu da benci ɗaya da bishiyar da akuyoyi suka cinye ƙasanta. Jirgin rana mai sauri, wanda ke haɗa babban birninmu da na jihar maƙwabta, ba ya tsayawa a wurin. Yana wucewa ƙarfe sha ɗaya da minti arba'in, ya dawo uku da minti ashirin. Idan ya doso, sai Yaya ya fito da koriyar tuta, ya tsaya a bakin dakali, ya ɗan duƙa, ya kafa wa ƙafafun ido tun daga kan jirgi har wutsiya. Hayaƙi yake nema, ko tartsatsi, ko wani ƙarfe da ke lilo. In bai ga komai ba, sai ya ɗaga wa jami'in taragon ƙarshe tuta. Mutanen ƙauyen kuwa Mai Tuta suke ce masa, har yaransu ba su san yana da wani suna ba.

Sau ɗaya, shekarun baya, ya hango hayaƙi a ƙarƙashin wani tarago, ya sa aka tsayar da jirgin a gaba. Aka ba shi takardar yabo, ya manna a bango. Tun daga ranar ba mai iya gaya masa magana a kan aikin nan. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma na fi kowa sanin taurin kansa.

'Yarsa ɗaya ce a duniya. Auta muke ce mata don tsokana, tunda ita ce ta fari ita ce ta ƙarshe. Mahaifiyarta ta rasu tana 'yar shekara tara, shi ya raine ta a ɗakin bayan tashar, shi ke mata kitso, kitson da duk wanda ya gani sai ya yi dariya. Ta girma ta zama malamar makaranta, ta yi aure a birni kusa da gidana.

Da ciwon ƙoda ya kama ta, likita ya ce sai wankin ƙoda sau biyu a mako, kuma injin da ke aiki yana can ɗaya birnin. Litinin da Alhamis mijinta ke kai ta a jirgin ranan nan. Kujerarta kullum ɗaya ce, tarago na huɗu, jikin taga, ɓangaren tashar babanta. Ita ta zaɓa da kanta.

Shi kuwa ya nemi hutu sau uku. Abokin aikinsa an yi masa canji ba a kawo wani ba, aka ce ya yi haƙuri. Ya yi ta haƙuri har wata goma sha huɗu bai sa ta a ido ba, alhali tana wuce shi da taku biyar sau huɗu a mako.

Da yamma takan kira shi a waya. “Baba, ka gan ni? Na ɗaga maka hannu.”

“Na gan ki mana.”

“Wane irin mayafi na yafa?”

Sai ya hau tari, ya ce layi ba kyau. Ita kuma ta yi dariya ta kashe. Ta san bai ɗaga kai ba, don ta cikin taga saman hularsa kawai take gani.

Akwai abin da ni ma na yi, gara in faɗa. Auta ta roƙe ni kada in gaya masa yadda jikin ya yi nisa. Ta ce, “Gwaggo, in ya ji zai bar tashar ya taho, su kore shi saura shekara ɗaya ya yi ritaya.” Na riƙe mata maganar. Har gobe ina jin haushin kaina.

Ranar wata Talata na ga yadda ƙafafunta suka kumbura, ko takalmi ba ya shiga. Na shiga mota, na sha jijjigar hanya awa huɗu, na same shi yana goge fitilar tasha. Ban ko zauna ba.

Na ce, “Yaya, kai wane irin mutum ne? Ƙarfe ne ya haife ka? Yarinya na wucewa ta gabanka, ka kasa ɗaga kai na daƙiƙa ɗaya.”

Ya ce, “Ke ba ki san aiki ba. Tarago tara, daƙiƙa goma sha ɗaya. In na ɗaga kai, ƙafa takwas sun wuce ban gani ba. Mutum ɗari biyar ne a ciki, har da ita.”

“To, ka bar takwas ɗin su wuce. Sau ɗaya.”

Ya ajiye tsumman ya dube ni. “Jikin ne?”

Na ce a'a, kewa ce kawai. Sai ya ce in gaya mata jibi Alhamis zai duba.

Na kwana biyu a wurinsa don in ga ya cika alkawari. Ranar Alhamis ya wanke rigar aikinsa, ya goge ta, ya aske gemu kamar mai zuwa neman aure. Na tsokane shi, bai kula ni ba. Tun sha ɗaya da rabi yana bakin dakali. Da jirgin ya iso, ina jin sa yana ƙirga a hankali, idonsa a ƙasa: ɗaya, biyu, uku. A na huɗu ya ɗaga kai. Wasu maza ne a jikin tagar, ɗaya na barci. Nan take kansa ya koma ƙasa da kansa, yadda ya saba, ya bi sauran ƙafafun har ƙarshe ya ɗaga tuta.

Ya juyo ya ce mini, “Ba ta ciki. Kuma goma na ƙirga yau, ba tara ba.”

Ashe fasinja sun yi yawa, an ƙara tarago ɗaya a bayan kan jirgi. Na huɗunta ya koma na biyar. Ni da nake tsaye a bayansa ban gan ta ba, shi nake kallo.

Ya ce ba komai, zai gyara ƙirga a dawowa. Ƙarfe uku da minti ashirin ya duba tagogin duka, bai kalli ƙafa ko ɗaya ba, karo na farko a rayuwarsa. Ba ta dawo ba, an kwantar da ita a asibitin can. Ranar Asabar da hantsi Allah ya karɓi abarsa.

A ranar aka samo wanda zai riƙe masa tashar, cikin awa biyu. Wannan kam ban yafe ba.

Bayan kwana uku, mutane sun ragu, muna zaune a tsakar gidan mijinta. Yaya ya matsa kusa da shi, ya yi ƙasa da murya kamar mai tambayar abin kunya.

“Ranar Alhamis ɗin nan, tana jikin tagar?”

Mijin ya ce, “Tana nan, Baba. Tun kafin mu iso ta sa na ɗaga ta ta miƙe, ta dafa gilashin.”

“Ta gan ni?”

“Ta gan ka. Ta ga ka ɗaga kai kana duba na gabanmu. Ta yi ta buga gilashin da zobenta.” Ya share fuska da hannun riga. “Da muka wuce ta zauna tana murna. Ta ce mini, yau Baba ya neme ni.”

Yaya ya gyaɗa kai. Sai ya tashi ya shiga ɗakinta, ya ja labule, muka bar shi.