Ƙaramin Kwanon Gindin Randa

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, kuma har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Haka al'adar gidanmu take a Gwaram: uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane. Ana yaye ni Gwaggo, yayar mahaifina, ta goye ni sai Birnin Kudu. A can na girma, a can aka yi mini aure. Idan Inna za ta ambace ni sai ta ce "waccan ta Birnin Kudu," kamar ana maganar motar haya.

Na san al'ada ce, amma sanin bai hana ni jin ciwo ba. Ga ni kuma da zuciya a kusa, kowa ya shaida.

Washegarin kowace Sallah a gidan Inna muke taruwa, mu 'ya'yanta mata da jikoki, kowa da abin da za ta riƙo. Ni ba gwanar girki ba ce. Cincin ɗina sai mai ƙarfin haƙori, dambun namana kuwa ba a magana. Wata maƙwabciyata, malamar Islamiyya, ita ta cece ni. Ta ce in yanka kankana da gwanda ƙanana-ƙanana, in cire ƙwallaye, in matsa lemon tsami kaɗan, in zuba madara, sai ayaba a ƙarshe. Babu hura wuta, babu ƙauri. Ta ja mini kunne a kan abu ɗaya: da an sa ayaba a sha nan take, don in ya jima baƙi take yi, kankanar ta tsinke ta zama ruwa.

Tun daga nan ya zama aikina. In sayi kankana a bakin titi, in rungumo ta a bas har Gwaram, in zauna a tabarma a tsakar gida in yi ta yanka a babbar roba. Jikoki su yi layi da kofuna. Kafin a ce kwabo an ga gindin robar.

Kullum nakan fara zuba wa Inna a wani ƙaramin kwanon sha mai murfi, wanda fentinsa ya ɗaye a gefe. In durƙusa in miƙa.

"Inna, ga shi."

"Ajiye can," ba tare da ta dube ni ba.

Sai in ajiye a gindin randa, inda yashi yake da sanyi. Har la'asar ta yi in yafa mayafi in kama hanyar tasha, kwanon yana nan a rufe. Shekara tara muna haka. Ban taɓa ganin ta kai ko cokali ɗaya baki ba.

A Babbar Sallar shekara ta tara ne autarmu ta zo da biskit na kanti, ko kwalin ba ta buɗe ba. Inna ta karɓa hannu biyu, ta kira sunanta har sau uku, tana sa mata albarka kamar ta kai ta Makka. Ni ina gefe, hannuna duk danƙon gwanda. Na haɗiye abin, amma har na isa gida bai bar raina ba. Na ce wa kaina an gama, wanda ba ya son kayanka kada ka cusa masa.

Da Ƙaramar Sallah ta zagayo na sayi lemon kwalba na tafi da shi. Da na yi sallama Inna ta amsa, ta dubi hannuna, ta leƙa bayana ko akwai mai ɗauko mini sauran kaya. Jikoki suka yi ta tambaya ina kankana, na ce bana hutu nake. Har da dariyata na faɗa, da ƙarfi, don ta ji. Na koma Birnin Kudu ina ganin na rama.

Sati uku da Sallah aka bugo mini waya da hantsi. Zazzaɓin kwana biyu ne kawai. Kafin in iso har an yi wa Inna sutura.

Ranar sadakar uku muna wanke-wanke da autar a bakin rijiya, sai ƙaramin kwanon ya faɗo hannuna. Na ce, "Wannan kwanon dai ya huta da ni. Da ma zubarwa kuke yi in na tafi."

Ta saki soson ta dube ni.

"Yaya, zubarwa? Wallahi kina fita ƙofa take ɗaukowa. Ta shige ɗaki ta saki labule, ko jikoki ba ta sam wa. Har siɗe kwanon take da yatsa."

Na ce ƙarya take, don ta sanyaya mini zuciya ne.

"Kin taɓa ganin ta ci tuwon rana in kin zo? Wuri take bari a cikinta. Sallar nan ma tun da safe ta wanke shi da kanta, ta kife a gindin randa. Da kika tafi sai ta ce mini, 'Waccan ta Birnin Kudu lafiya take kuwa? Ko wani abu aka yi mata a gidan miji?' Na ce lafiya lau. Ta ce, 'To, Allah Ya kai mu Babbar Sallah.'"

Ban san lokacin da na zauna a cikin ruwan wanke-wanken ba. Na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar. Gwaggo ta fito tana cewa in yi haƙuri, addu'a mamaci yake bukata. Gaskiya ta faɗa. Amma ni ba mutuwar kaɗai nake wa kuka ba. Uwata ta wanke kwano ta jira ni, ni kuma na zo mata da lemon kwalba da dariyar mugunta, kuma abin da ya dame ta shi ne ko wani ya ɓata mini rai.

Babbar Sallah ta zo, Inna ba ta kai ba. Mun taru duk da haka, don Baba ya ce kada gidan ya mutu. Na rungumo kankanata a bas kamar da. Na yanka, na matsa lemon tsami, na zuba madara, na sa ayaba. Na fara cika ƙaramin kwanon na rufe, na kai gindin randa.

Da aka yi la'asar, lokacin da na saba tafiya, na ɗauko shi na shiga ɗakinta na saki labule. Ina so in san abin da take sha.

Ayabar ta yi baƙi ta lugwigwice. Kankanar ta tsinke, madarar ta fara tsami. Abin da maƙwabciyata ta gargaɗe ni a kai tun ranar farko ke nan. Ban taɓa tunanin in ware wa Inna nata marar ayaba ba, don ban san tana sha ba.

Babu daɗi ko kaɗan. Shekara tara wannan take jira in tafi ta sha. Na shanye shi tas, na siɗe kwanon da yatsa.