Hannu a Cikin Takalmi

Shekara arba'in da ɗoriya ya yi a rumfar nan ta kusa da tasha, tsakanin mai gyaran rediyo da mai wankin hula, yana ɗinke abin da hanya ta cinye. Mai Basilla ake ce masa. Kayan aikinsa ba su cika akwati ɗaya ba: basilla, guduma, zare mai kakin zuma, da gwangwanin ƙananan ƙusoshi. Amma yana da wata ɗabi'a da duk mai kawo gyara ya sani. Ba ya miƙa takalmi ga mai shi sai ya zura hannu ciki, ya rufe ido, ya bi da yatsu daga dunduniya har ƙurya, kamar mai sauraron wata magana can nesa.

Matarsa, wadda duk layin ke kira Inna, ta daɗe tana yi masa tsiya a kan haka. "Malam, zinariya ka ajiye a ciki ne?"

Sai ciwon suga ya shigo gidan a hankali. Ya fara da ƙishirwa, ya ƙare da ɗauke jin ƙafafunta. Wata rana ta taka ƙusa a tsakar gida, ta wuni tana yawo da ita ba ta sani ba, sai da jini ya nuna a tabarma. Yatsu biyu na ƙafar hagu suka tafi a asibiti. Likita bai ɓoye musu ba: in aka sake samun rauni irin wannan, ƙafar ce gaba ɗaya.

Tun daga ranar ya sauya lokacin buɗe rumfa. Kowace safiya zai zaunar da ita a kujera, ya taɓa ruwan da gwiwar hannunsa don kada ya ƙone ta, ya wanke ƙafafun, ya tsane tsakanin yatsu da tsumma mai laushi, ya shafa mai a dunduniya. Shi ma tsufa bai bar shi ba. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, gwiwoyinsa na ƙara in zai durƙusa. Yatsunsa kuwa ba su manta komai ba.

A shekara ta shida, autarsu da ke aiki a wani gari ta zo da tsaraba: takalmi baƙi mai sheƙi, a cikin kwali, irin na masu ciwon ƙafa, in ji mai kantin. Inna ta rungume shi a ƙirji.

"Yau dai zan huta da wannan kwale-kwalen da babanki ya ɗinka mini."

"Miƙo nan tukuna, tsohuwa," in ji shi.

Ya zura hannu, ya rufe ido. Na dama ya wuce. A na hagu ya daɗe.

"Ba za ta sa wannan ba."

Fuskar auta ta canza. "Haba Baba! Sabo ne fa dal. Kanti uku na zaga kafin in samo shi."

"Kishi ne kawai," in ji Inna. "An zo da wanda ya fi nasa kyau."

Auta ta karɓa, ta laluba, ta haska da fitilar waya. "Wallahi ba komai a ciki."

Bai yi musu ba. Ya ciro auduga daga cikin kayan wankin ƙafa, ya naɗa a ɗan yatsa, ya zura har ƙurya ya jawo. Da ya fito da hannun, audugar ta yage, zare na lilo. A can inda aka haɗa ɗinki akwai bakin wata 'yar wayar ƙarfe, bai kai ƙwayar shinkafa ba, daidai inda tabon ƙafar Inna zai zauna.

Auta ta zauna a ƙasa. Sai hawaye.

"Share idonki," ya ce. "Takalmin kirki kika sayo. Saura aikina."

Kwana biyu ya yi a kansa. Ya farke ɗinkin, ya zare wayar, ya shimfiɗa fata mai taushi a ciki, ya cike gurbin yatsun nan biyu da soso. Auta ce ke zura masa zare a basilla, tunda ido ya ƙi.

Da shi Inna ta je asibiti ranar dubawa, tana taku ɗai-ɗai don kowa ya gani. Nas ta cire takalmin, ta juya ƙafar sama da ƙasa, ta buɗa tsakanin yatsu.

"Inna, shekara shida ko ƙwarzane babu. Wa ke kula miki da su?"

Inna ta nuna shi da haɓa. "Ga shi can, sarkin taurin kai. Ƙafar tawa ce, amma shi ke jin ta."

Nas ta dubi layin tsofaffin da ke kan benci, kowa da takalminsa a gabansa. "Baba, ko za ka taimaka mana?"

Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa, gwiwoyi na ƙara, ya ce wa na farko, "Miƙo na hagun."