Ledar da Mas Kuncoro Bai Nuna Ba

Mas Kuncoro mai gyaran kujerar babur ne a bayan tashar mota ta garin Solo, inda ake ce wa yaya namiji Mas don girmamawa. A duk mutanen da na sani babu wanda nake ganin girmansa kamarsa, babu kuma wanda ya fi shi ƙona mini rai. Irin mutanen nan ne da idan ka taka masa ƙafa, shi zai riga ka ba da haƙuri. Siriri ne, shekararsa talatin da huɗu, kuma kullum rigarsa mai faɗi ce a sake bisa wando.

Yana da shekara ashirin da shida aka gano masa ciwon dajin babban hanji. Kafin nan wata tara ya yi yana shan maganin basir, don kowa cewa yake yaro kamarsa ina shi ina wannan ciwo. Da aka yi masa aiki, likitoci suka yanke inda ya lalace, suka fito da bakin hanjin ta gefen cikinsa, aka manna wata 'yar leda da bayan gida yake zuba a ciki. Suka ce da ita zai ƙare rayuwarsa. Wata huɗu ya yi a ɗaki. Masallacin unguwarsu ma ya daina zuwa, yana ganin alwalarsa ba ta tsayawa, sai da wani malami ya zaunar da shi ya ce masa mai lalura irin tasa alwala zai yi a kowace salla ya shiga sahu kamar kowa. Da ya koma shago, sai ya zauna a kan keken ɗinkinsa ya ɗinka wa kansa ɗamara mai laushi da take riƙe ledar ta kwanta a jiki. Tun daga nan ya fara zuwa asibiti neman matasa irinsa.

Ni sunana Nunik, ina sayar da shinkafa da miyar gyaɗa a bakin kasuwa. 'Yar Surabaya ce ni, aure ne ya kawo ni Solo, kuma mu a can abin da ke cikinmu shi ke bakinmu. Ina da ashirin da tara nawa ciwon ya bayyana. Ana gobe za a yi mini aiki na rantse ba mai taɓa ni, gara in mutu da cikina a rufe. Sai ga wani mutum ya shigo da sallama ciki-ciki, ya nemi izinin mijina, ya ja labule, ya ɗaga rigarsa.

"Mbak, ga abin da kike tsoro," ya ce, don Mbak ake ce wa yaya mace a nan. "Ki duba da kyau, ba sauri nake ba."

Na duba. Leda ce mai launin fata, ba ta wuce tafin hannuna ba. Na tambaye shi ko tana wari, ko tana fashewa, ko mutum yana iya cin barkono. Ya amsa ɗaya bayan ɗaya, ya sauke rigarsa. Duk abin bai kai minti biyar ba. Washegari na shiga ɗakin tiyata da ƙafata, yau shekara huɗu ke nan.

Aikin Mas Kuncoro ke nan gaba ɗaya. Ba ya wa'azi, ba ya raba takarda, nunawa kawai yake yi. Amma yana da doka guda: ba ya ɗaga riga sai daga shi sai mara lafiya, ko da mutum ɗaya na jikinsa. Cikakken mutumin Solo ba ya buɗe ciki a gaban manya, balle ya ambaci bayan gida ana zaune. Mu tara ne yanzu muke haɗuwa a shagonsa ranar Lahadi, muna shan shayi a kan kujerun babura, muna zagin gam ɗin ledar da ba ya kamawa lokacin zafi. Idan aka kwantar da sabon matashi, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Suster Endang takan tambaye shi ko yana son ganin wanda ya bi ta wannan hanya. In ya yarda, sai ta buga wa Mas Kuncoro waya.

Haka ta kira mu wata Litinin saboda Galih. Malamin firamare ne daga wani ƙauye a gindin dutse, shekararsa ashirin da huɗu. An sa ranar aikinsa Alhamis. Suster Endang ta ce an gano ciwon da wuri, likita yana da kyakkyawan zato, amma tun da yaron ya ji maganar leda ya daina cin abinci. Kwana uku muke da su, kuma abin da muke nema minti biyar ne.

Muna isa muka tarar da takalma jibge a ƙofar ɗaki. Mutanen ƙauyensu ne suka yi hayar akori-kura suka zo dubiya, sun kai ashirin. An shimfiɗa tabarmi har ƙarƙashin gado, ga ayaba, ga lemo, ga tsofaffi suna matsa masa ƙafa. Galih yana kwance yana yi wa kowa murmushin dole. Mahaifiyarsa, Bu Sumi, ta tarbe mu da fara'a ta miƙo mana soyayyen rogo. Mas Kuncoro ya sunkuya ya gaishe da kowa hannu da hannu, sannan ya samu lungu ya zauna. Awa biyu muka yi ana hirar farashin taki.

Suster Endang ta leƙo ta yafito mu waje.

"Mas, in kore su? Kalma ɗaya ce, in ce likita zai duba shi."

"A'a, Suster, kar ki yi," ya ce. "Tafiyar awa biyu suka yi. Wasu gonarsu suka bari. Gobe ma rana ce."

"Gobe rana ce a gidan wa?" na ce. "Mas, kai dai wallahi da a Surabaya aka haife ka, da tuni an sayar da kai an sayi kifi."

Dariya kawai ya yi. Ya rubuta lambar wayarsa a takarda ya ba Bu Sumi. Ta karɓa hannu bibbiyu ta jefa a jaka, inda wayar Galih take, don ta ƙwace ta kada ya riƙa karanta abin da zai tayar masa da hankali.

Ranar Talata malaman makarantarsu ne suka zo cikin kayan aiki, da shugaban makaranta da matarsa. Suna fita sai ga 'yan ƙungiyar karatun mata na Bu Sumi, suka jeru suka fara addu'a. Wa zai katse addu'a? Galih ya dubi Mas Kuncoro sau biyu ko uku, na ga bakinsa ya motsa kamar zai yi tambaya, sai wata tsohuwa ta tura masa cokali. Muka fito hannu rabbana. A kan babur ina bayansa ina masifa tun daga ƙofar asibiti har kasuwa, shi kuwa sai cewa yake, "Haƙuri, Mbak, haƙuri." Na ce in ya ƙara ce mini haƙuri zan dira daga babur ɗin nan yana gudu.

Laraba muka yi sammako, muka je tun ƙarfe bakwai. Ashe an riga mu. Yayan mahaifin Galih, wanda kowa ke kira Pakde Harjo, ya kwana a hanya ya iso. Tun rasuwar uban yaron shi ne babba a gidan, maganarsa ce yanke. Dattijo ne mai kamala, ba mugu ba, ƙaunar yaron ce ta kawo shi. Ya zauna a kujera ɗaya tilo da ke ɗakin, 'yan uwa sun kewaye shi, yana magana a hankali.

"Na bincika," ya ce. "Duk wanda aka rataya wa ledar nan ya gama yawo. Ba ya shiga masallaci, don najasa a jikinsa take. Ba mai zama kusa da shi saboda wari. Yara za su toshe hanci a aji. Wace mace za ta aure shi? Akwai mai magani a kan dutse, da ganyen bishiyar sirsak da saiwoyi yake aiki. Ya warkar da surukin maƙwabcina, ko allura ba a yi masa ba."

Duk wannan magana Mas Kuncoro yana zaune a bakin gadon, gwiwarsa tana taɓa bargon Galih. Mutumin da ke salla a sahun gaba! Mutumin da ya yi aure bayan aikin, har 'yarsa ta fara tafiya! Hannunsa na dama yana kan gefen rigarsa, na ga ya damƙe ta. Na ce a raina, yauwa, ɗaga, don Allah ɗaga. Ni da zai yiwu, da na ɗaga tawa, amma mace ce ni a ɗaki cike da maza.

"Pakde," na fara, "ni da kaina..."

Mas Kuncoro ya juyo ya ɗan girgiza mini kai. Ni kuma, Allah na tuba, na yi shiru. Har yau ban yafe wa kaina wannan shirun ba. Shekara bakwai a Solo ashe ni ma sun koya mini kunyar banza.

Ya saki rigar, ya haɗa tafukansa, ya sunkuyar da kai. "A gafarce ni, Pakde. In an ba ni dama, ina so in ɗan gana da ƙanena, Dik Galih, mu biyu, ko yaya ne."

"Ai ba komai, ɗana," Pakde Harjo ya ce da murmushi. "Duk nan gida ne, faɗi abin da ke ranka."

"Ba wani abu ba ne, Pakde. Zan dawo da yamma."

Da muka fito ban iya ko zaginsa ba, hawaye ne kawai suke zubo mini don takaici.

"In na ƙaryata dattijo a gaban 'ya'yansa, Mbak, na zubar masa da mutunci," ya ce. "Daga nan ba za su ƙara sauraronmu ba."

"To yanzu sauraronmu suke?"

Ya tayar da babur muka tafi. Da yamma muka koma. Gadon a gyare yake, an sauya zanin. Suster Endang ta ce da azahar su Galih suka sa hannu a takarda cewa da ra'ayinsu suka fita. Likita ya yi magana har ya gaji, amma likita ba shi da leda a ciki, ba wanda ya yarda ya san abin da yake faɗa.

Mas Kuncoro bai zauna ba, in faɗi gaskiya. Sau biyu yana rufe shago yana hawa dutsen nan. Na farko aka ce sun tafi wurin mai magani. Na biyu aka tarbe shi da shayi a zaure, aka ce Galih yana barci, jiki kuwa alhamdu lillahi. Ya sha shayin, ya yi godiya, ya juyo. Da ya ba ni labari na ce masa kar ya ƙara gaya mini, zuciyata ba za ta ɗauka ba. Na yi wata guda ban je zaman Lahadi ba.

Bayan wata bakwai Suster Endang ta sake kira. Muryarta kawai na ji na gane. An dawo da Galih, ciwon ya kai hanta, kuma likita ya ce aikin da za a yi a da ba zai ƙara warkar da shi ba.

Wannan karon babu takalmi ko ɗaya a ƙofa. Mutanen ƙauye sun yi dubiya har sun gaji, kowa ya koma gonarsa. Bu Sumi kaɗai ce a zaune a kan tabarma, ta rame ita ma. Da ta gan mu ta tashi ta fita ba wanda ya ce mata komai. Galih ya zama ƙashi da fata, idanunsa sun yi rawaya, amma ya gane mu.

"Mas mai shiru," ya ce a hankali. "Suster ta ce akwai abin da ka so ka nuna mini."

Mas Kuncoro ya ja labule, ya kwance ɗamarar, ya ɗaga rigarsa. Galih ya daɗe yana kallo. Ya miƙo hannu ya taɓa gefen ledar da yatsa ɗaya.

"Shi ke nan? Ita ce wannan?"

"Ita ce, Dik."

"Kana salla da ita?"

"Sau biyar. A masallaci."

"Aure fa?"

"Ina da mata, da 'ya ɗaya."

Galih ya mayar da kansa kan matashi ya zuba wa rufi ido. Na tsaya a gindin gado na riƙe ƙarfen, ina jin kamar in fasa ihu asibitin nan gaba ɗaya ya ji. Can ya sake juyowa.

"Mas, ranar da Pakde yake magana, tana jikinka?"

"Tana jikina."

"Kuma a nan kake zaune. Gwiwarka tana taɓa ni."

Mas Kuncoro ya sunkuyar da kai. Rigar tana ɗage a hannunsa, ya manta bai sauke ba.

"Ban ji warin komai ba, Mas," Galih ya ce. "Wallahi ban ji komai ba."